Awon da ke cikin littafi ba shi ne ƙarshen magana ba wajen ƙera jita

Masu koyon ƙera jita daga littafi sukan ɗauka cewa idan suka bi awon da aka rubuta daidai, dole ne kayan ya yi amo mai daɗi. Wannan fahimta tana da gyara. Littafi zai iya cewa a kankare katakon fuskar jita har kaurinsa ya kai wajen milimita 2.5, amma wannan adadi matsakaici ne kawai, domin allo biyu da aka yanko daga itace ɗaya ma sukan bambanta wajen tauri da nauyi. Saboda haka gwanaye suke lanƙwasa allon a hannu, su ƙwanƙwasa shi kusa da kunne, sannan su yanke shawarar inda za su tsaya.

Fuskar ce ke ɗauke da yawancin amon. A 1862, Antonio de Torres, maƙerin jita na ƙasar Sifen, ya haɗa wata jita wadda bayanta da gefunanta na kwali ne, kuma ta yi sauti mai kyau.

Akwai kuma danshin iska, wanda masu koyo kan manta da shi, alhali katakon da aka manna da damina yana iya tsagewa idan hunturu ya shigo.