Ku Bar Mai Makoki Ya Yi Kukansa

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai maganar da muke yawan faɗa wajen ta'aziyya wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: "Daina kuka, mai bi ba ya haka." Na san da kyakkyawar niyya ake faɗinta. Amma matar da ta binne mijinta jiya, takalmansa ma na nan a bakin ƙofa ba wanda ya iya ɗauke su, sai mu ƙara mata wani nauyin. Ga rashi, ga shi kuma ta fara zargin bangaskiyarta.

A ina muka samo wannan koyarwa? Ba dai a Littafi Mai Tsarki ba.

Ku buɗe Yohanna sura 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Betanya, kimanin kilomita 3 daga Urushalima. Yesu ya san abin da ya kawo shi, tun kafin su taso ya gaya wa almajiransa zai je ya tashe shi. Ya riga ya faɗa wa Marta, 'yar'uwar Li'azaru, cewa shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai. Duk da haka, da ya ga Maryamu tana kuka, shi ma sai da ya zubar da hawaye. Wanda ya san nan da ɗan lokaci za a kwance wa mamacin likkafani ya yi kuka, ina ga wadda ba ta san ranar da za ta sake ganin mijinta ba? Ku lura kuma, Marta da Maryamu kowacce da magana mai ciwo ta tare shi: da kana nan, da ɗan'uwana bai mutu ba. Ko ɗaya bai tsawata mata ba.

Ayar da aka fi jawowa don hana kuka ita ce 1 Tasalonikawa 4:13, rabinta kuwa ake karantawa. Wajen shekara ta 50 ko 51 bayan haihuwar Almasihu Bulus ya rubuta wasiƙar, ga ikilisiyar da ta fara binne 'ya'yanta, tana fargabar ko waɗanda suka mutu kafin dawowar Ubangiji sun yi asara. Abin da ya hana su shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, ya kuma ba su dalili: Yesu ya mutu ya tashi, matattu cikin Almasihu su ne za su fara tashi. Bulus ɗin da ya rubuta wa Filibiyawa cewa mutuwa riba ce a gare shi, a wasiƙar dai ya ce Allah ya ji tausayinsa da ya warkar da abokin aikinsa Abafroditus, don kada baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Ashe manzo ma ya san zafin rabuwa.

A ganina mun rage wa begenmu girma. "Ya huta," "ya tafi gida," duk gaskiya ne, amma alkawarin ya wuce nan. A 1 Korintiyawa 15, Bulus ya kira mutuwa abokiyar gaba ta ƙarshe da za a hallaka, ya ce jikin da aka shuka cikin ruɓa za a tashe shi marar ruɓa. Idan abokiyar gaba ce, me zai sa mu nemi wanda ta yi wa ɓarna ya yi mata murmushi?

Abokan Ayuba uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Daga lokacin da suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka kauce, har Allah ya yi fushi da su a sura ta 42. Mu kam ko minti biyar ba ma iya yi shiru, ni ma ina ciki.

Don haka in kin je, in ka je ta'aziyya, a zauna tukuna. In matar da aka yi wa rasuwa ta ambaci sunan marigayin kada a sauya zance, a bar ta ta ba da labarinsa ko sau goma ne. A yi addu'a gajeriya. Sannan a koma bayan wata biyu, lokacin da jama'a suka watse, waya ta daina ƙara, takardun asibiti da tufafinsa kuma suna jiran wanda zai taya ta tattarawa.