Ba injin tsaga katako ne ya cinye dajin Sakkwato ba

Da zarar an tayar da zancen kwararowar hamada, sai ka ji wasu na kiran a rufe ƙananan injinan tsaga katako na ƙauyuka. Kiran nan ya ishe ni, don da alama masu yin sa ko rumfar 'yan katako ba su taɓa leƙawa ba.

Da sun leƙa, da sun ga abin da ke jibge: katakon itatuwan obeche, afara da iroko. Babu wanda ya fito daga dajin Tangaza ko na Isa. Daga kudu ake lodo su, Ondo da Edo da maƙwabtansu, tirela ta biyo ta Kontagora da Yawuri da Jega. Tun asali haka abin yake. Kakanninmu da azarar giginya suke rufin soro, wadda gara ba ta cika ci ba. Rufin kwano ne ya kawo buƙatar katako, kuma ko a wancan zamani sai dai a ɗauko shi a mota, tunda layin dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, bai iso mana ba.

To mai injin ƙauye me yake yi? Yawanci katako mai kauri yake saye, ya tsaga shi zuwa tu-bai-tu ko tu-bai-fo na rufi (wato inci biyu da biyu, ko biyu da huɗu), ya goge wa kafinta allon ƙofa da benci. In ya taɓa itacen gida, dogon yaro ne ko turare, waɗanda mutum ya dasa da hannunsa. Kirya da marke kuwa, a buhun gawayi da kan amalanken itacen girki suke ƙarewa, kowace safiya suna shigowa gari a idon kowa. Masu cewa "sara duk sara ne" ba su bambance wanda ya dasa ya sare da wanda ya ƙone daji ba.

In gyara ake so, ga inda ɓarnar take. Mai tsaga gungume da injin hannu mai sarƙa yana zubar da kusan santimita guda a matsayin dusa a kowane yanka, alhali siririn zarton inji milimita 2 zuwa 3 yake ci. Sai kuma ɗanyen katako. Ana sauke shi a sayar a ranar, kafinta ya buga, hunturu na busawa ya kantare, bakinsa ya tsage, kusa ta saki, iskar farkon damina ta yaye kwanon. Alhali maganin ba tsada: a jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a shafa fenti a bakinsa biyu.

Ma'aikatan gandun daji su yi wa injinan rajista, su ɗora wa mai sara sharaɗin dashe, sannan su juya ga masu ƙona gawayi, in har da gaske suke.