Yaron da yake ƙwace wa ɗana kuɗin tara

Kusan wata biyu ɗana yana dawowa daga makaranta wujiga-wujiga kamar mai azumi, ni kuwa ina ta yi wa uwarsa mita wai ba ta ba shi kuɗin tara. Ashe wani ɗan aji shida ne yake tare shi a bayan banɗaki ya karɓe naira 200 ɗin, ranar da ya yi gardama ya sha ranƙwashi. Sai da maɓallin rigarsa ya tsinke karo na uku, uwar ta tsare shi, sannan ya fashe da kuka.

Na je makarantar raina a ɓace. Malamin ajin ya ce, "Alhaji, yara ne, a yi haƙuri." Nan fa muke cutar 'ya'yanmu, kullum wanda aka zalunta ake ɗora wa haƙuri. Mu da muka yi makarantar kwana mun sha kamun kunne da tsallen kwaɗo a hannun siniyoyi, har yau wasunmu na alfahari wai abin da ya mayar da mu maza ke nan. Da bidiyon ɗalibar nan ta Abuja da ake mari ya karaɗe waya a 2024, sai muka yi kamar yau muka fara ji.

Wata Asabar muna cikin adaidaita sahu, ɗana ya taɓa ni. "Baba, ga shi can." Yaron ne a bakin titi, da farantin fiya wata a ka, silifas ɗinsa an ɗaure da leda. Suna haɗa ido ya juya baya. Har gida ɗana bai ce uffan ba. Da daddare ya ce, "Umma, ina jin ba ya karyawa. Ki ƙara min ƙosai gobe."

Na bar shi ya kai ƙosan, amma ban janye ƙarata wajen hedimasta ba. 'Yan uwa sun ce na cika tsauri. Ni dai a ganina yunwa ta bayyana dalili, ba ta halatta duka ba, kuma ba na so ɗana ya tashi da tunanin ana sayen zaman lafiya da ƙosai. An kira kakar yaron, ita ke riƙonsa, ta zo tana share hawaye da gefen mayafi.

Yanzu ba ya taɓa shi. Ba su zama abokai ba, gaisuwa ce kawai. Ƙosan dai har yau ƙulli biyu ake yi.