Arahar buhu: rabin maganar da ba a faɗa

Duk shekara idan kaka ta yi, sabon gero da masara suka fara sauka a kasuwar hatsi ta Dawanau da ke Kano, sai masu wa'azin tattali su tashi: a sayi buhu, a daina awo, mai awon kullum shi yake jawo wa kansa talauci. Akwai gaskiya a maganar, amma ana faɗin ta da izgili, kuma rabi kawai ake faɗa.

Lissafin farko dai babu gardama. Buhun gero ko dawa kwano 40 ne a ƙa'ida. Wanda ya ɗauke shi a Dawanau da kaka ba zai yi daidai da mai sayen kwano ɗai-ɗai a bakin layi cikin watan Agusta ba, lokacin da tsohon hatsi ya ja baya sabo bai iso ba. Mai awo ya ɗora kuɗin mota, ladan ɗan dako, hayar shago, sannan ribarsa. Haka abin yake a kasuwar Singa idan ka ɗauki katan na taliya ko sabulu.

To amma wa yake da kuɗin buhun? Mafi ƙarancin albashi a Kano tun 2024 naira 71,000 ne, kuma yawancin mutanen garin nan ba su ma san albashi ba. Mai adaidaita sahu sai ya cire kuɗin mai da na mai mashin kafin ya san abin da zai kai gida. Lebura sai an tashi aiki da yamma. Waɗannan sun fi kowa sanin buhu ya fi araha, domin su ne suke biyan tsadar kwano kullum. Talaka shi yake sayen abinci da tsada fiye da kowa a garin nan, kuma ba don ya kasa lissafi ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa ma sun sauka daga kwano zuwa rabi, wasu zuwa gwangwani. Ka zo ka ce wa irin wannan magidanci ya koyi tattali, ai ka ci masa fuska.

Masu halin ma, ba kowa ne yake cin ribar buhun ba. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ranar da buhu ya shigo, hannu yakan saki. Gidan da kwano ɗaya yake isar su, sai a koma auna ɗaya da rabi, tunda ga shi nan jingine a lungu. Tuwo ya kwana, a ba almajiri, wani ma a zubar. Maƙwabciya ta aiko yaro a ranta mata kwano biyu, kuma kowa ya san wannan rancen ba ya dawowa. Ƙanwar maigida ta zo wuni, ba za ta koma hannu rabbana ba alhali ta ga buhu da idonta. Ni ban ce a daina ba, wallahi wannan yana cikin abin da yake riƙe da mu. Amma a daina sa shi a lissafin tattali. Buhun da aka yi wa kasafin wata uku ya ƙare a wata biyu, ribar Dawanau ta tafi kenan. Daga nan sai maigida ya fara tunanin sa wa sito kwaɗo, uwargida ta ce an mayar da ita ɓarauniya a gidanta, a gidan da ake da kishiya kuma a fara ƙirga wadda ta fi ɗiba ranar girkinta. Awon kullum, duk tsadarsa, bai taɓa haifar da wannan rigimar ba.

Sai maganar wurin ajiya. Kakanninmu rumbu suke da shi, kuma gero a daminsa suke ajiyewa, ba a sussuke ba, shi ya sa yake shekara lafiya lau. Mu kuwa ciki da falo ne na haya a Kurna ko Ɗorayi, buhu a ƙasan siminti, ɓera na zagayawa, damina ta zo danshi ya kama gindinsa. Wake ya fi komai ban haushi: wata biyu ka buɗe ka tarar ƙwari sun huda shi ya zama gari. Nan ne wasu suke yin abin da ya fi asarar muni, su yayyafa fiya-fiya a kan abincin da 'ya'yansu za su ci. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Alhali akwai buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda idan aka ɗaure shi da kyau ƙwarin suke mutuwa don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai murfi da aka wanke ta bushe, aka cika ta taf da wake, ita ma tana wannan aikin.

A ganina abin da ya cancanci tarawa bai da yawa. Hatsi da ba a niƙa ba, shinkafa, gishiri, sukari kafin azumi ya gabato, sabulu da omo. Tumatir da tattasai idan sun faɗi da rani, lokacin da kayan Kura da Kadawa suka cika 'Yankaba, a yanka a shanya a yi kauɗa kamar yadda iyayenmu suke yi, tare da kuka da busasshiyar kuɓewa. Fulawa da garin masara ba sa daɗewa. Albasa rabinta ruɓewa take a ɗaki. Cika firiza da nama kuwa, da irin wutar da muke samu, sai mai sola.

Akwai kuma waɗanda suka wuce ajiyar gida suka shiga caca. An saba duk abin da ka saya da kaka sai ya tashi da damina, har ma'aikata suka riƙa cin bashi suna tara masara. Sai ga shi a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye haraji na kwana 150 kan shigo da masara, shinkafa, alkama da wake, a 2025 kuma farashin hatsi ya yi ƙasa sosai. Mutane da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya ajiye don cin gidansa bai ji jiki kamar wanda ya ajiye yana jiran jama'a su shiga uku ba. Addini ma ya raba biyun: ya tabbata Annabi (SAW) yakan tanadar wa iyalansa abincin shekara, kuma ya tabbata ya ce ba mai ɓoye kaya don su yi tsada sai mai saɓo. Ba mu manta da Fabrairun 2024 ba, da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta jiha ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci.

Abin da na ga yana aiki a unguwanni shi ne haɗaka. Gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi kamar adashi, mutum ɗaya da ya san kasuwa ya je, ya duba buhu sama da ƙasa saboda algus da tsakuwa, a biya kuɗin mota sau ɗaya, a dawo a auna a gaban kowa. Gida biyar, kwano takwas-takwas. Kowa ya sami farashin sari, babu wanda kayan suka daɗe a hannunsa har ƙwari su shiga, kuma kwano takwas ba ya tsone wa baƙo ido. Matsalarta ɗaya ce, amana. Don haka wanda ya je kasuwa kada ya zama shi ne mai aunawa, kuma a yi awon da kwanon da kowa ya yarda da shi tun kafin kuɗi su fita daga aljihu.