Ba ko'ina ake manna na'urar auna zafi a motar tafi-da-gidanka ba

Da yawa suna ɗauka cewa duk inda aka manna na'urar a irin wannan mota da ake kwana da girki a cikinta kamar gida, lamba ɗaya za ta nuna. Ba haka ba ne, wurin da take kaɗai take aunawa. Iska mai ɗumi sama take hawa, shi ya sa wadda ke kusa da rufi za ta nuna ɗumi alhali ƙasa ta yi sanyi. Taga da murhu da bakin hita ma ruɗa ta suke yi. A sa ta a bangon ciki, daidai ƙirjin mai zaune, inda rana ba ta kaiwa.

Ni dai na fi damuwa da gefen tankin ruwa. A ba shi tasa na'urar, domin ruwa na daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Celsius, kuma ƙanƙara na fasa bututu.