Kafin ka ɗaga hoton Honorabul, ka san abin da ya faɗa a zaure

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasan Katsina, daga Sabuwa har Baure.

Jiharmu tana da kujeru 18 a Majalisar Tarayya: sanatoci 3, na shiyyar Katsina da na Daura da na Funtuwa, sai 'yan Majalisar Wakilai 15. Waɗannan mutane da bakinmu suke magana a Abuja, da sunanmu suke amincewa da dokar da za ta hau kanmu, ta hau kan 'ya'yanmu. Amma je ka teburin mai shayi a Ƙofar Ƙaura ko bakin tasha a Daura, ka tambayi samari wane kwamiti wakilinsu yake ciki, wace doka ya mara wa baya bara, wacce ya ƙi. Shiru za ka ji. Ka tambaye su babura nawa ya raba, nan take za a ba ka lissafi har da sunayen waɗanda suka samu. Wannan abu yana ci mini rai, domin mu ne masu waya a hannu, mu ne aka kai makaranta. Idan mu ba mu tambaya ba, tsohuwar da ke ƙauye ba za ta tambaya ba.

Tsarin mulkin 1999 bai ce ɗan majalisa ya raba shinkafa ba. Aikinsa yin doka ne, da tantance kasafin kuɗi kafin gwamnati ta kashe ko sisi, da bin diddigin ma'aikatu. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon kiran minista ko shugaban hukuma ta titsiye shi kan yadda ya kashe dukiyar jama'a. Sashe na 63 ya ce kowane zaure ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 68 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman shekara ba tare da uzuri ba, kujerarsa ta faɗi. Ke nan ko zuwa aiki ma abin tambaya ne.

Kowa ya san yadda taron rabon kaya yake. A kafa rumfuna, a jera kujerun roba, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe, kowanne an manna masa hoton mai gida. Maroƙa na kirari, 'yan waya na ɗaukar bidiyo. Kafin la'asar 'yan kasuwa sun tsaya a bakin ƙofa, matar da aka miƙa wa keke ta sayar da shi ƙasa da kuɗinsa, don ba ɗinki ta iya ba kuma gidanta babu hatsi. Ba na zarginta ko kaɗan, yunwa ba ta da haƙuri. Wanda nake yi wa magana shi ne saurayin da zai koma gida da daddare ya rubuta cewa ba a taɓa wakili irin wannan ba, alhali bai san ko mutumin ya taɓa buɗe baki a zaure ba.

Kuma ku sani, galibin kayan nan ba daga aljihun kowa suka fito ba. An yi shekara da shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafin tarayya na kowace shekara don ayyukan mazaɓu, 'yan majalisa su zaɓi aikin, wata ma'aikata ko hukuma ta aiwatar. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari da kansa ya koka cewa an kashe kimanin tiriliyan ɗaya a shekara goma kan waɗannan ayyuka ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba, kuma a shekarar ne hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta fara bin sawunsu jiha-jiha. Saboda haka idan ka ga rijiyar burtsatse a unguwarku, allon sanarwa ya fi famfon kyau, tanki ya tsage, yara sun koma jan guga, kada ka ce kyauta ce ta lalace. Kuɗinka ne. Kasafin yana intanet, ƙungiyar BudgIT tana da shirin Tracka da ke fitar da jerin ayyukan kowace jiha, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ka damar rubuta wa hukumar da ta ba da kwangila, ta amsa maka cikin kwana 7.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ƙuri'a. Mafi yawan abin da majalisa ke zartarwa da ƙuri'ar murya ake yi: masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ɗaga, shugaba ya buga guduma ya ce waɗancan sun yi rinjaye. Ba a rubuta sunan kowa. Mutum zai iya yin shiru a Abuja, ko ma ba ya cikin zauren, ya dawo gida ya ce shi ya yaƙi abin. Ko a watan Maris na 2025, da aka ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, da murya zaurukan biyu suka amince, duk da cewa tsarin mulki kashi biyu cikin uku na mambobi yake nema. Ko kana goyon bayan matakin ko ba ka goyon baya, ta yaya ake ƙirga kashi biyu cikin uku da kunne?

Ranar da aka ƙirga kuwa, ana ganin bambanci. A watan Yulin 2021, lokacin muhawarar aika sakamakon zaɓe ta na'ura, an tilasta ƙirga a Majalisar Dattawa, aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa. Sanatoci 52 suka zaɓi a gindaya sharaɗi, 28 suka ce a bar wa INEC, 28 ba su nan. Jaridu suka buga sunaye, kowace mazaɓa ta san inda nata ya tsaya. Manyanmu kuma za su ba ku labarin Mayun 2006, sa'ad da yunƙurin tazarcen Shugaba Obasanjo ya mutu a majalisa, lokacin ɗan jiharmu Aminu Bello Masari, mai wakiltar Malumfashi da Ƙafur, yana Kakakin Majalisar Wakilai. An haska muhawarar kai tsaye a talabijin, duk wanda ya tashi magana ya san mutanen garinsu suna kallonsa. A ganina wannan idon na gida ya yi aikin da ba ƙarami ba. Shi ne abin da muka janye yau, muka maye gurbinsa da tafi.

Ga misali na kusa. A Oktoban 2024 aka kai ƙudirorin gyaran haraji guda 4 majalisa, gwamnonin Arewa suka nuna adawa da tsarin rabon harajin kayayyaki, aka yi ta ja-in-ja, aka yi gyare-gyare, aka sa hannu a Yunin 2025. Watanni muka yi muna zage-zage a Facebook. Mutum nawa a cikinmu suka rubuta wa wakilinsu suka ce, ranka ya daɗe, wane sashe ka karanta, wanne ka nemi a gyara, me ka ce a taron jin ra'ayin jama'a? Dokar da za ta taɓa ɗan kasuwar Mai'aduwa da mai shago a Funtuwa ta wuce, mu muna can muna faɗa kan wane ne ya fi wane farin jini.

Maganar tsaro ta fi kowacce zafi, kuma nan ne aka fi shafa mana mai a baki. A kai hari Batsari ko Jibiya ko Faskari, washegari a gabatar da ƙudirin gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya, a yi kira ga jami'an tsaro, a yanko bidiyon a watsa. Gabatar da shi yana da kyau, ya fi yin gum. Sai dai ku sani irin wannan matsaya shawara ce, ba doka ba ce, ba ta tilasta wa kowa. Tambayar da ta dace ita ce me ya biyo baya. An kira wa gaban kwamiti? Da aka zo kasafi, me aka saka wa hanyoyin da sojoji ke bi, da makarantun da aka rufe, da manoman da suka bar gonakinsu? Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 ya kamata a ce mun koyi yin wannan tambayar.

Ba cewa nake duk wakilanmu ɗumama kujera suke yi ba. Akwai masu ƙoƙari, kuma rashin bibiyarmu su ya fi cuta, domin wanda ya kwana yana karanta ƙudiri da wanda ya kwana yana lissafin buhuna ma'auni ɗaya muke sa su, sau da yawa ma na biyun ke cin zaɓe. Mu ma muna da hannu. Idan kullum ƙofar gidansa cike take da katin biki da takardar magani da roƙon kuɗin data, mun koya masa cewa abin da muke so ke nan, zai kuma nemo kuɗin ta ko'ina.

Ƙanena mai aikin sojan baka, da kai nake musamman. Ana ba ka abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba, kana zagin sa'an mahaifinka don ya tambayi inda aka kai kuɗin asibitin garinku, asibitin da matarka za ta haihu a ciki. Wakilci amana ne, sheda ma amana ce, kuma za a tambaye ka abin da yatsunka suka rubuta. In kana son mai gidanka da gaske, ka nemo mana takardar zaman majalisa mai sunansa, da bidiyon inda ya yi magana, mu ma mu yaba. Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, kujerar da kake yi wa gadi kai ma ka isa ka nema.

Kada ku dogara da kiranye. Sashe na 69 yana neman sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, maganar ta tsaya a wajen tantancewa. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Majalisa takan tafi dogon hutu daga wajen ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wakilai su dawo gida. Ƙungiyar ɗalibai ko ta ci gaban gari ta rubuta takarda cikin ladabi, da sa hannun dattawan unguwa, ta nemi zama a fili. Ku je da tambayoyinku a rubuce: kwamitocinsa, ƙudirorin da ya kawo da inda kowanne ya tsaya, matsayinsa kan haraji da kan ƙuri'ar murya, da jerin ayyukan mazaɓa na bana da hukumar da aka ba kowanne. Ban da ihu, ban da ƙauraye, ban da karɓar kuɗin mota a ƙarshen taro. Ku naɗi amsarsa a waya ku ajiye. In bai zo ba kuma, ku rubuta ranar da kuka kai takardar da sunan ofishin da ya karɓa, ku adana kwafin har lokacin da zai dawo neman ƙuri'a a 2027.