Dusar ƙanƙara ba ta san babba ba

Ƙannena da karatu ko neman abinci ya kai ku ƙasashen sanyi, Kanada ce, Nowe ce, Rasha ce, yau da ku nake. Na lura da wata ɗabi'a tamu. Da zarar hunturu ya kama, dusar ƙanƙara ta lulluɓe gari, sai mu shige ɗaki mu ja ƙofa, daga aji sai gado sai latsa waya, wata huɗu cur. In abokan karatu suka ce a zo a je kan dutse zamiyar ƙanƙara, sai ka ji ɗan'uwa ya ce ai wannan wasan Turawa ne. Wani kuma ya daure ya je sau ɗaya, ya sha ƙasa sau goma, ya dawo yana rantsuwa shi da wurin har abada. In ka tambaye shi ya ce sanyi ne. Ni na san kunya ce, domin na ɗanɗana ta.

Ranar da aka fara ɗaura mini dogayen allunan nan biyu da ake zamiyar da su a ƙafa, ga ni gardi da gemu, yara 'yan shekara biyar na wuce ni fuu kamar tsuntsaye, ni kuwa ko tsayuwa ta gagara. Abin da ya yi ta kayar da ni shi ne abin da ke kayar da kowane sabon shiga. Gangare na fara jan ka, tsoro zai sa ka janye jiki baya. Kana yin haka nauyinka ya bar gaban allunan, su daina kama ƙanƙara, su ruga da kai inda suka ga dama. Mai koyarwa ta yi ta nanata mini: lanƙwasa gwiwa, hannuwa gaba, jingina ƙwaurinka da gaban takalmin. Wato ka karkata zuwa gangaren da kake tsoro. Ƙwaƙwalwa ta ɗauki wannan magana cikin minti ɗaya, amma ƙafa sai da ta yi makonni kafin ta yarda.

Haka sauran darasin yake. Za a koya maka haɗa kawunan allunan ka ware bayansu kamar bakin garma, shi ne birkinka. In kana so ka juya dama, ka danna nauyi a ƙafar hagu. Kuma inda kake son zuwa za ka kalla, in ka ƙura wa bishiya ido to ita za ka runguma. Duk wanda ya koyi keke a lungun unguwa ya san wannan. Hatta faɗuwa koyonta ake yi: ka zube ta gefe, kada ka tokare da hannu, kada ka yi kokawar miƙewa alhali kana cikin sulɓewa, nan ne gwiwa ke gurɗewa.

Sai wata matsalar, ta masu gaggawa. A Faransa, misali, launi ake sa wa hanyoyin gangare: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye. Yaro ya yi kwana biyu a kore, sai ya ce baƙi zai hau don a ɗauke shi hoto ya ɗora a Instagram. Haba ƙanena! Girman kai rawanin tsiya. Ka zauna a kore har sai ka iya tsayawa daidai inda ka yi niyya, sau ashirin a jere. Hular kwano kuma ba ado ba ce. Michael Schumacher, tsohon zakaran tseren mota na duniya, ya daɗe yana wannan wasa, amma a watan Disamba na 2013 ya faɗi a Méribel ta Faransa ya bugi dutse da ka, da hular a kansa ma ya ji mummunan rauni. Ina ga wanda ya je kai tsirara?

Masu cewa ba namu ba ne kuwa, su je su tambayi Kwame Nkrumah-Acheampong. A Gana ya tashi, kuma sai da ya girma ya fara koyo, a wani rufaffen filin ƙanƙara da ke Milton Keynes a Ingila, inda yake aikin tarbar baƙi. A 2010 shi ne ɗan Gana na farko da ya shiga gasar Olamfik ta hunturu, a Vancouver. Najeriya ma Samuel Ikpefan ya wakilce ta a Beijin a 2022.

Amma wanda labarinsa ya fi zauna mini a rai shi ne Philip Boit, ɗan Kenya. Ɗan tseren ƙafa ne, bai san ƙanƙara ba sai a 1996 da ya tafi Finlan koyo. Bayan shekara biyu ya tsaya a layi ɗaya da gwanayen duniya a gasar Olamfik a Nagano ta Japan, tseren kilomita 10. Shi ya zo na ƙarshe, kusan minti 20 bayan na farko. Ku duba fa, duniya na kallo a talabijin, ya san shi ne kurar baya, kuma bai cire allunan ya koma gefe ba. Da ya iso, sai ya tarar da wanda ya ci zinaren, Bjørn Dæhlie ɗan Nowe, tsaye a bakin layi yana jiran sa, ya rungume shi. Boit ya sake komawa gasar a 2002 da 2006. Da aka haifa masa ɗa namiji, Dæhlie ya raɗa masa.